Sharhi: Haɗa Karatun Aji da na Intanet Wajen Koyon Rubuta Manhajar Kwamfuta, da Yadda Abin Ya Shafi Ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya leƙa tashar mota ta Birnin Kudu ko ta Gwaram a makon da jami'o'i ke dawowa daga hutu zai ga samari da 'yan mata da jakunkunansu da ƙullin guzuri, wasu sun nufi Dutse, wasu Kafin Hausa, wasu Wudil ko Kano, wasu kuma can Ɓaɓura a arewa maso yammacin jihar nan. Daga cikinsu akwai masu karanta ilimin kwamfuta, waɗanda iyayensu suka sayar da riɗi ko rago domin a saya musu na'urar tafi-da-gidanka. A 'yan shekarun nan iyaye sun fara jin wani sabon zance daga bakin waɗannan yara, wato cewa wani sashe na darasi a waya ake yin sa, malami ya turo, su kuma su karanta a duk inda suke, sannan a haɗu a aji a ƙarasa. Mahaifi da yawa kan yi shiru ne kawai, amma tambayar tana nan a ransa: wannan karatu ne ko kuwa wata sabuwar hanyar ɓata lokaci ce? Mun ga ya dace mu yi wa jama'armu bayanin wannan tsari, musamman mazauna karkara da shugabannin ƙananan hukumomi, domin a san inda amfaninsa yake da inda yake da haɗari.

Abin da ake nufi da tsarin haɗaka shi ne a raba karatu gida biyu. Bayanin darasi, wanda a da malami kan tsaya gaban allo ya yi na awa guda ko biyu, sai a mayar da shi rubutu ko gajeren bidiyo ko muryar da aka naɗa, ɗalibi ya saukar a wayarsa ya bi a lokacin da ya samu. Lokacin haɗuwa ido da ido kuma sai a keɓe shi ga aiki da hannu, da tambaya, da gyaran kuskure. Malami yana nan, aji yana nan, jarrabawa tana nan. Abin da ya sauya shi ne wane aiki ake yi a wane wuri.

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, an kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Kazaure a 2001 da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, a daidai shekarar da wayar salula ta shigo Najeriya. A wancan lokaci mutane da dama sun ɗauki abin a matsayin gaggawa, tunda ko waya ba ta wadata ba. Daga baya manyan makarantu suka ƙaru: Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, jami'ar jiha ta Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan tsohon Gwamna Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, sai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura a 2021. Ita kanta Birnin Kudu tana da daɗaɗɗen suna a harkar ilimin zamani saboda Kwalejin Gwamnati, inda Alhaji Aliko Ɗangote ya kammala sakandare a 1978. Ƙidayar 2006 ta nuna Birnin Kudu na da mutane sama da dubu 300, Gwaram kuma sama da dubu 270, don haka duk wani sauyi a yadda ake koyarwa a jami'a ya shafi gidaje masu ɗimbin yawa a kudancin jihar nan.

Abubuwa uku ne suka taru suka sa maganar ta taso da ƙarfi. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a faɗin ƙasar nan saboda annobar korona, kuma rufewar ta zo daidai da yajin aikin malaman jami'o'i da ya kai har watan Disamba. A 2022 an sake yin wani yajin aikin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai sun zauna a gida, wasu sun koma gona, wasu sun kama sana'a, wasu ba su sake komawa ba. Sai kuma a watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon kundin tsarin karatu, inda ta ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa da rassa irin su tsaron intanet, da injiniyancin manhaja, da kimiyyar sarrafa bayanai, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na abin da za ta koyar ta tsara da kanta bisa buƙatun yankinta. Rassan sun ƙaru, masu neman gurbi sun ƙaru, amma ɗakunan kwamfuta da ƙwararrun malamai ba sa ƙaruwa da irin wannan sauri. Na uku shi ne tsadar zirga-zirga tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wadda ta sa kowace tafiya daga Sara ko Fagam ko Basirka zuwa makaranta ta zama abin da sai an zauna an yi lissafi.

Domin a fahimci dalilin da ya sa wannan tsari ya dace da koyon rubuta manhaja fiye da wasu darussa, ya kamata mu ɗan tsaya a kan ita sana'ar. Kwamfuta ba ta da wayo na kanta. Umarni ake rubuta mata layi bayan layi, da wani harshe da take ganewa, ita kuma ta bi shi yadda aka rubuta, ko da an rubuta ba daidai ba. Mu ɗauki misalin da kowane manomi ya sani, wato zakkar hatsi. Idan aka ce ɗalibi ya rubuta manhajar da za ta fitar da ita, dole ya fara umartar na'urar ta tambayi yawan abin da aka girbe. Sannan ta duba ko ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, daidai da sa'i 300. Idan bai kai ba ta ce babu zakka. Idan ya kai, ta sake tambaya ko noman damina ne ko na ban-ruwa da aka yi wa wahala. Na damina a fitar da ɗaya cikin goma, na ban-ruwa ɗaya cikin ashirin. Wannan bayani ɗalibi zai iya karanta shi a waya yana zaune a gindin bishiya a Kiyako ko Sundimina, ya maimaita sau biyar idan bai gane ba, abin da ba zai samu ba a babban ɗakin lacca mai cike da jama'a.

To amma ranar da ya zauna zai rubuta da hannunsa, sai ya manta waƙafi ɗaya, ko ya sa alamar "ya fi" a inda ya kamata ya sa "ya kai ko ya fi", sai manhajar ta ce mai sa'i 300 cif-cif babu zakka a kansa. Irin wannan kuskure yakan cinye wa sabon ɗalibi yini guda yana nema, alhali wanda ya ƙware zai hango shi cikin minti ɗaya idan ya leƙo ta kafaɗarsa. A nan ne yawancin masu koyo ke karaya su ce abin ba nasu ba ne. Saboda haka awannin da malami ke da su tare da ɗalibai sun fi tsada a ce a ƙarar da su wajen karanto abin da ke rubuce. Wanda ya taɓa kai yaro koyon ɗinki ko kanikanci ya san haka: bayani da baki ɗan kaɗan ne, sauran duk zama ne kusa da maigida ana yi ana ɓatawa ana gyarawa.

Wannan ne ma ya sa ba mu goyon bayan masu cewa a mayar da komai kan intanet a huta. An gwada an gani. Manyan jami'o'in Amurka irin su Harvard da MIT sun zuba darussansu kyauta, miliyoyin mutane suka yi rajista, amma wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kacal na masu rajistar suka kai ƙarshen darasi. A ɗaya ɓangaren, wani bita da ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar a 2009 ya samu cewa ɗaliban da aka haɗa musu aji da intanet sun fi waɗanda aka bari da aji kaɗai samun sakamako, sai dai masu bitar da kansu sun ja hankali cewa sau da yawa waɗancan ɗalibai sun samu ƙarin lokaci da ƙarin kayan karatu ne, don haka ba za a jingina nasarar ga na'ura ita kaɗai ba. Wannan jan hankali ya fi muhimmanci a gare mu fiye da sakamakon kansa. A nan gida ma, shirin Gwamnatin Tarayya na horar da matasa miliyan uku a fasahar zamani, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Minista Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 tare da hukumar NITDA, an gina shi ne a kan haɗa darasin intanet da haɗuwa a cibiyoyi. Shugaban da aka naɗa wa hukumar ta NITDA a 2019, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejia ne.

Yanzu sai mu zo kan inda gizo ke saƙar. Tsarin haɗaka yana ɗauke wani nauyi daga kan makaranta ya ɗora shi a kan gidan ɗalibi. A da, idan yaro ya isa aji ya samu darasi. Yanzu sai yana da waya mai kyau, da caji, da data, da kuma layin da ke kamawa a ƙauyensu. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Bidiyon awa guda yana cin ɗaruruwan megabait, alhali rubutaccen darasi da 'yan hotuna sau da yawa bai kai megabait ɗaya ba. Malamin da ya zauna a ofishinsa mai intanet ya naɗi laccar awa biyu ya tura, ya ce kowa ya kalla kafin Litinin, ya raba ajinsa gida biyu ba tare da ya sani ba: 'ya'yan cikin gari sun kalla, 'ya'yan ƙauye sun zo da kunya. Idan aka tafi a haka shekara huɗu, tsarin da aka kawo domin sauƙaƙa wa na nesa shi ne zai zama sanadin barin su a baya, kuma ba wanda zai lura, domin a takarda za a ga kowa an tura masa darasi.

Akwai hanyoyin kauce wa wannan, kuma ba masu tsada ba ne. Manhajar Moodle, wadda jami'o'i da dama a duniya ke ɗora darussa a kanta tun 2002, kyauta ce, kuma tana ba ɗalibi damar sauke darasi a waya ya karanta ba tare da intanet ba. Ana iya ajiye darussan zango guda a ƙaramar kwamfuta ɗaya a cikin ɗaki, wayoyi su kwasa daga gare ta kai tsaye ba tare da an taɓa datar kowa ba, kamar yadda matasa ke tura wa juna finafinai a kasuwa. Shi kansa harshen Python, wanda ake yawan fara koyarwa da shi, ba ya buƙatar intanet bayan an saka shi, har ma akwai manhajojin da ke ba da damar gwada shi a wayar Android, ko da yake rubutu mai tsawo a kan ɗan allon waya azaba ce, kuma kada kowa ya ruɗi iyaye cewa waya za ta maye gurbin kwamfuta har a kammala digiri. (Abin sha'awa, wannan harshe sa'an jihar nan ne, domin a 1991 aka fitar da shi, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa.) Bidiyo kuma a taƙaita shi zuwa minti biyar ko goma, a haɗa shi da rubutu. Muna kuma ganin babu laifi, hasali ma akwai lada, idan malami ya yi wani ɓangare na bayaninsa da Hausa. Kalmomin umarnin na Turanci ne kuma ba su da yawa, amma tunanin da ke bayansu, irin na misalin zakka da muka kawo, da kowane harshe ana iya yin sa, kuma yaron da ya fito daga makarantar ƙauye ya fi saurin kama shi da harshen da yake mafarki da shi.

Wani al'amari da bai kamata a yi shiru a kansa ba shi ne satar amsa. Tun daga ƙarshen 2022 da aka fitar da ChatGPT, duk wani aikin gida na ajin farko a wannan fanni na'ura za ta iya rubuta shi cikin daƙiƙoƙi. Ɗalibi zai iya miƙa aiki mai kyau duk mako ba tare da ya iya rubuta layi uku da kansa ba. Maganin wannan yana cikin rabin tsarin da ake yi ido da ido: a zaunar da ɗalibi gaban na'ura, a ba shi aikin da ya kawo, a ce ya bayyana abin da kowane layi ke yi, sannan a sauya sharaɗi ɗaya a ce ya gyara. Wanda ya yi da kansa ba zai ji tsoro ba. Jami'ar da ta rage haɗuwar aji ba ta ƙarfafa irin wannan gwaji ba, takardar shaida kawai za ta riƙa rabawa, kuma masu ɗaukar aiki a wannan fanni ba takarda suke dubawa ba, kujera suke jawo wa mutum su ce bismilla.

Haka nan kada a ɗauka tsarin zai rage wa malamai aiki ko ya maye gurbinsu a lokacin yajin aiki. Shirya darasin da ɗalibi zai bi shi kaɗai ya fi tsayawa gaban allo cin lokaci, sannan ga amsa tambayoyin da ke shigowa dare da rana. Inda ba a horar da malami ba, ba a ba shi data ba, ba a lissafa wannan aiki cikin nauyin da ke kansa ba, abin da kan faru shi ne ya ɗauki hoton tsohuwar takardar laccarsa ya jefa a zauren WhatsApp, a kira shi karatun zamani.

Ga 'ya'yanmu mata kuwa, musamman waɗanda aka yi wa aure suna tsakiyar karatu ko suke goyo, tsarin na iya zama abin da zai hana su ajiye karatun gaba ɗaya. Sharaɗin shi ne wayar ta zama tata, ba ta aro ba, kuma mutanen gida su gane cewa awa biyun da ta keɓe da ita lokacin aji ne.

Ina rawar shugabannin ƙananan hukumomi, da hakimai, da dagatai a cikin wannan? Gudanar da jami'a ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne, kuma ba muna cewa ta shiga ba. Abin da ke hannunta shi ne rabin karatun da ake yi a gida. Ɗalibin Gwaram da ya dawo hutu, ko aka ce a bi darasin mako biyu daga gida, yana buƙatar wuri guda mai wuta, da teburi, da layin da ke kamawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin wutar da ba ta wuce wat 50 zuwa 60 ba, wato guda ashirin ba su fi ƙarfin farantan sola 'yan kaɗan da batura ba. Ɗaki ɗaya a sakatariya, ko a wata makarantar sakandare bayan an tashi, ya isa a fara da shi, a hedikwata da kuma manyan garuruwa irin su Sara da Basirka da Wurno. Da damina abin ya fi zama dole, domin mun san yadda ruwa ke yanke hanyoyinmu, kuma ba mu manta da karyewar gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka a daminar 2021 da rayukan da aka rasa ba. Irin wannan ɗaki zai kuma amfani 'yan sakandare masu shirin jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, alhali wasu yaranmu ranar jarrabawar ce ranar farko da suke taɓa madannai.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ƙasar nan ta sha ganin cibiyoyin kwamfuta da aka buɗe da kiɗa da jawabai, bayan shekara guda ƙura ta rufe na'urorin, mabuɗi yana aljihun wani da aka yi wa canjin wurin aiki. Sayen kaya shi ne mafi sauƙin ɓangaren. Abin da ke kashe irin waɗannan wurare shi ne rashin mutum takamaimai mai buɗewa da rufewa a kan lokaci, da rashin ɗan kuɗin data na wata-wata, da batirin da ya mutu ba a tanadi na canji ba. Masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta kwamfuta, waɗanda akan tura ofisoshin da ba su da aikin yi, za su fi amfani a nan, haka ma ɗaliban ajin ƙarshe 'yan asalin yankin, waɗanda za su iya zama da na ƙasa da su a lokacin hutu. Ƙungiyoyin ɗalibai na Birnin Kudu da na Gwaram su ne suka san adadin 'yan uwansu masu karanta wannan fanni, da jami'ar da kowa yake, da wanda ke da kwamfuta da wanda ba shi da ita, kuma da wannan ƙidaya ya kamata a fara kafin a sayi ko da waya ɗaya ta lantarki.

Iyaye ma suna da tambayoyin da za su yi ba tare da sun san kwamfuta ba. A tambayi yaro sau nawa a mako yake zama gaban na'ura a makaranta tare da malami, kuma su nawa ne a kan na'ura ɗaya. A ce ya nuna wani abu da ya rubuta da kansa yana aiki, ko da lissafin kuɗin taki ne ko na awon riɗin da aka kai kasuwar Sara. Idan kuɗin makaranta ne ya yi nauyi har ake tunanin fasa sayen kwamfuta, a tuna cewa asusun ba ɗalibai rance na Gwamnatin Tarayya ya fara karɓar buƙatu tun watan Mayun 2024, ga kuma Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jiha.

Ga majalisun ƙananan hukumomin biyu, lokacin shigar da wannan magana shi ne lokacin tsara kasafin kuɗi, kafin shekara ta ƙare. Idan za a sa ta, a rubuta ta layi biyu daban-daban, ɗaya na sayen kaya, ɗaya na kula da su, kuma a cikin na biyun a ambaci alawus ɗin mai riƙe da mabuɗi, da kuɗin data na wata goma sha biyu, da ajiyar da za a sauya batura da ita idan wa'adinsu ya cika.